Alhamis ɗin da Ba Ki Ɗaga Kallabi Ba

Hotoro, Kano.
Asabar, 14 ga Maris, 1987.

Zuwa ga sanyin idona, ruwan randata a tsakar bazara, farin watan da nake duba, Zuwaira 'yar Malam Shu'aibu.

Amincin Allah ya tabbata a gare ki, ya ke wadda sunanki ya fi mini zuma a baki. Gaisuwar mai laifi ce wannan, wanda ya zo ƙofar gida ya kasa ɗaga murya. Ni ne dai Tijjaninki, matuƙin jirgin dakon kaya, wanda kike tsokana da mai kai fatun awaki yawon Turai. Yau babu dariya a bakina, zuciyata ta yi nauyi fiye da duk kayan da na taɓa ɗauka.

Kin tuna al'adarmu? Duk Alhamis idan na sauke fatun Challawa a Italiya na juyo gida, jirgina yakan ratso ta saman Bompai daidai lokacin da jiniyar kamfaninku na alawa take busa tashin ƙarfe biyu. Ke kuma ki tsaya gindin tankin ruwa ki ɗaga kallabinki ruwan ɗorawa, ni in kunna fitilun sauka in kashe sau biyu. Daga sama kallabin nan bai fi ƙwayar gero ba, amma wallahi shi nake fara nema kafin titin sauka. Shekara biyu ba ki taɓa fashi ba, ko ranar da zazzaɓi ya kama ki. Shekaranjiya na ga tanki, na ga jerin mata suna fita, ban ga kallabi ba. Na kunna fitila sau biyu, na ƙara, na kuma ƙarawa. Wayyo Zuwaira! A nan na san labari ya riga ni isowa.

Ba zan ɓoye miki komai ba. Mutane suna ganin farar riga da ratsin zinare a kafaɗa su ɗauka mun gama da duniya. Ke kin san gaskiya. Tun da darajar naira ta karye, albashinmu yana nan inda yake shekara uku, kasuwa kuwa ta yi gaba ta bar mu. Baƙin matuƙan da muke zama kujera ɗaya da su, hadari ɗaya muke ratsawa, dala ake biyansu, nasu yana kumbura namu yana narkewa kamar man shanu a rana. Shi ya sa muka kafa ƙungiya, muka ɗora Inuwa a gaba, abokina tun muna koyon tuƙi a Zariya. Ranar da muka shiga yajin aiki, mu goma sha ɗaya kowa ya cire hularsa ta aiki ya sa a akwatin ƙarfen Inuwa, ya kulle. Muka yi alkawari ba mai taɓa jirgi sai ranar da aka buɗe akwatin a gabanmu duka.

Da na ba ki labarin yajin, fuskarki ta yi haske kamar gari bayan ruwan farko. Na san dalili. Baba, mahaifinki, sun yi shekara goma sha huɗu suna jimar fata a Challawa har hannuwansu suka tsattsage. Da suka yi yaji, wasu suka bi ta ƙofar baya suka koma aiki, aka kori waɗanda suka tsaya. Yau Baba suna zaune da faifan goro a Dorayi. Kin taɓa ce mini duk abin da zan yi miki za ki iya yafewa, ban da bin ƙofar baya.

Ita na bi, masoyiyata. A mako na uku manaja ya kira ni gefe, ya ce tafiya ɗaya tak, kuma da dala zai biya ni. Me ya faɗo mini a rai? Akwatin lefenki da ya shekara bai wuce rabi ba. Atamfar da na taya da safe a Kantin Kwari, kafin la'asar ta canja kuɗi. Sau nawa kika ce mini ba atamfa za ki aura ba? Ban ji ba, girman kai ya toshe mini kunne. Ranar Talata na hau jirgi kaina ba hula, masu lodin kaya suna kallona, ba wanda ya ce mini a sauka lafiya.

Da aka ga ɗaya ya tashi, uku suka biyo baya, yaji ya watse. Jiya Juma'a kamfani ya ba Inuwa takardar sallama, ga matarsa Atika da tsohon ciki. Ni na jawo. Wai don in faranta miki na yi, sai ga shi na mayar da abokina abin da aka mayar da Baba. Ina amfanin lefen da aka saya da abincin gidan wani?

Yau da hantsi na je Na'ibawa wurinsa. Na so ya zage ni, bai zage ni ba. Tabarma ya shimfiɗa mini, Atika ta kawo ruwa. Sannan ya buɗe akwati ya miƙo mini hulata, ya ce in ɗauki abata tunda na fita daga alkawari. Zuwaira, da mari ya yi mini da ya fi sauƙi! Na ƙi karɓa. Na ajiye ambulan ɗin dalar a kan akwatin yadda aka ba ni shi, ban ko buɗe ba, na ce na ƙungiya ne. Daga can na wuce ofis na rubuta musu cewa ba zan sake tashi ba sai ranar da Inuwa ya koma kujerarsa. Mai yiwuwa ranar ba za ta zo ba. Mai yiwuwa na rabu da sama ke nan, ni da ban iya wata sana'a ba.

To ga ni, ya furen zuciyata, ba jirgi, ba lefe, ba bakin magana. Ban ce ki yafe mini yau ba, ban isa ba. Roƙona ɗaya ne, kada ki yanke hukunci sai kin dubi idona. Idan jirgi ya wuce ta saman Bompai ranar Alhamis, kada ki wahalar da wuyanki, ba ni ne a ciki ba. Ki duba ƙasa. Zan tsaya a bakin ƙofar kamfaninku da ƙafata, cikin ranar ƙarfe biyu, kaina ba hula. Idan kin fito da kallabin ruwan ɗorawa, zan san akwai sauran rabona a duniya. Idan kin wuce ba ki waiwaya ba, ba zan kira sunanki a gaban mutane ba. Zan dawo Alhamis ta gaba, da wadda ke bin ta.

Naki, wanda ba shi da wata sai ke har ranar da za a mayar da shi ƙasa,

Tijjani.