Bishop Ɗin da Inna Ba Ta Faɗin Sunansa

Zuwa ga Mai Girma Bishop na diyosis ɗinmu ta Angilika, ubanmu cikin Ubangiji.

Gaisuwa mai yawa da ladabi daga ƴar ƙaramar ikilisiyarka ta Dogon Dutsi, mu da ke wannan ɓangaren iyaka. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da dukan masu hidima tare da kai. Ni tela ne, ba ma'abocin alƙalami ba, in maganata ta karkace a yi mini aikin gafara. Na rubuto a fili ne don abin da ya dame ni ma a fili aka buga shi.

Littafin tarihin diyosis da kwamitinka ya fitar bana ya iso mana, kuma na yi murna da shi ƙwarai. An jera bishop-bishop ɗinmu tun daga na farko har zuwa kai, kowa da hotonsa da aikinsa. Aiki ne na gajiya, Allah ya saka musu. Na sayi guda na zauna ina karanta wa mahaifiyata, wadda muke kira Inna, don idonta ya yi rauni. Da bakina na karanta mata shafin da ya karya mata zuciya. Da na san abin da ke ciki da na tsallake shi, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Na ɗaya. Littafin ya ce babu bishop ɗin da ya taka Dogon Dutsi sai na uku. Ba haka ba ne. Bishop na biyu ya zo. Cikin motar ƴan hatsi ya shigo, da rani, ba rakiya ba shela. A zauren kakana ya yi sujada, don lokacin ba mu da gini, ya aza wa mutum bakwai hannu ya tabbatar da su cikin bangaskiya. Inna na cikinsu, tana ɗauke da cikina. Katikis ɗinmu na wancan zamani, wato malamin da ke koyar da mu bangaskiya, ya rubuta sunayen a littafinsa, gara ta cinye littafin tun ina ƙarami. Shida daga cikin bakwai ɗin sun riga mu gidan gaskiya, saura ita kaɗai.

Na biyu. A ƙasan shafin an ƙara da cewa wata tsohuwa ta yi iƙirarin wannan ziyara, amma da aka tambaye ta sunan bishop ɗin ta kasa faɗa, shi ya sa ba a karɓi shaidarta ba. Mai Girma, ba kasawa ta yi ba. Da aka haife ni, sunan bishop ɗin nan aka raɗa mini, kuma ni ne ɗanta na fari. Ka san mace a ƙasar Arewa ba ta kama sunan ɗan fari, ko da wuƙa a wuya. Ga ni da furfura har a gemu, ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Shi bishop ɗin kuwa Baba kawai take ce masa. Malamin da kwamiti ya aiko, dattijo ne mai kirki, har goro ya kawo mata. Ya tambaye ta sau uku, Baba wa? Ta sunkuyar da kai. Shi ya ɗauka mantuwar tsufa ce, ita kuwa tana mamakin babban mutum da zai so ta yi rashin kunya a gaban surukarta. Ranar na tafi ta'aziyya Matankari. Da ina gida da kalma ɗaya ta kashe zancen, wannan kam laifina ne.

Na uku, kuma shi ne ya sa na ajiye almakashi na ɗauki biro. Da na gama karantawa Inna ta ce, "To in bai taho ba, wa ya aza mani hannu?" Tun daga ranar ta daina cin Jibin Ubangiji, gurasar da muke karɓa a gaban tebur a coci. A koyarwar da ta tashi da ita, wanda ba a tabbatar ba ba ya matsawa gaban tebur, kuma abin da ikilisiya ta buga a takarda ba ƙarya ba ne. Ta gwammace ta yi shakkar kanta da ta yi shakkar littafinku. Kowace Lahadi sai ta yi wanka ta ɗaura zanenta mai kyau, na riƙe hannunta mu tafi. Idan aka tashi zuwa tebur sai ta zauna a benci ita kaɗai, ta naɗe hannu. Matar da ta fi shekara arba'in tana wanke mayafin teburin nan ke nan. Ni kuwa sai in tsallake ƙafarta in wuce, in karɓi gurasar ba tare da ita ba.

Rabaran ɗinmu ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya lallashe ta, ta ce shi yaro ne, ba shi ke riƙe da sandar bishop ba. Ya ce to a sake tabbatar da ita idan ka zo. Nan ne na ga fushin Inna. Ta ce, "In sake duƙawa, in maishe Baba maƙaryaci? Ba da ni ba." Taurin kanta kam ba a magana, ni ma a wurinta na gada.

Ga roƙona. A sake aiko malamin nan, ya karanto mata sunayen bishop-bishop ɗin ɗaya bayan ɗaya, ba sai ta buɗe baki ba. In ya zo kan na biyu zai ga amsa a fuskarta. Sa'an nan a gyara shafin, ko da ƴar takarda ce a liƙa. Ba don mu kaɗai ba, shi ma bawan Allan nan da ya sha ƙura a kan buhunan gero ya cancanci a rubuta masa tafiyarsa. Amma abin da ya fi gaggawa shi ne layi biyu da hannunka, da hatiminka, cewa tabbatarwar Inna tana nan daram. A karanta a gaban jama'a da ƙarfi, don kunnenta ma ya fara nauyi.

Ban ƙullaci kowa ba. Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya tsare tafiye-tafiyenka, ya jiƙan waɗanda suka riƙe sandar kafin kai. Na san aiki ya yi maka yawa, kuma mu tsiraru ne a can gefe. Sai dai makon jiya Inna ta kira matata ta nuna mata zanen da take so a rufe ta da shi. Ina roƙonka, Mai Girma, kada wasiƙarka ta iso bayan ta tafi, ni kaɗai in karanta.

Wassalam, cikin salamar Ubangiji.

Ɗanka mai biyayya,
wani tela daga ikilisiyar Dogon Dutsi.