Inna Ba Ta Yi Gaɗa a Cikin Takaba Ba

Zuwa ga Shugaban gidan talabijin mai nuna shirin wasannin yara da al'adun gargajiya duk yammacin Asabar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ya aiki, ya damina? Allah Ya sa mu ga ƙarshenta lafiya.

Ranka ya daɗe, sunana Habibu, malamin firamare ne ni a nan Wudil. Na so a ce a ofishinka muka yi maganar nan mu biyu. Na zo aka ce kana taro, na dawo aka ce ka yi tafiya, na bar lambata wurin mai gadi, har yau shiru. Tunda a gaban jama'a aka kunyata mu, ka yi haƙuri in faɗi tawa a gaban jama'a.

A bazarar da ta wuce ma'aikatanka suka zo makarantarmu neman wanda ya san tsofaffin waƙoƙin gaɗa. Na ce ba sai sun yi nisa ba, mahaifiyata Inna Asabe ita ce zabiyar dandalinsu a ƙuruciya, kuma har yanzu tana koya wa jikoki da 'ya'yan maƙwabta a tsakar gida. Da farko ta ƙi. Mahaifinmu, Malam Garba, shi ya lallashe ta, ya ce in ta tafi da waƙoƙin nan wa zai koya wa yaran. Shi ya tarbi mutanenka a zaure, ya sa aka dama musu fura. Sun ɗauke shi a kyamara yana musu maraba, har yana tsokanar Inna wai da waƙar nan ta kama shi a dandalin Lajawa. Inna ta sa lalle, ta sa kwalli, ta ɗaura atamfarta ta Sallah, ta tsaya tsakiyar yara tana bayarwa suna amshi da tafi. Da za su tafi suka ce za a kira ni kafin a nuna.

Farkon damina Allah Ya yi wa Baba rasuwa, Inna ta shiga takaba. Ba sai na yi maka bayani ba: mai takaba ba lalle, ba kwalli, ba turare, balle waƙa da tafi.

Wata Asabar bayan la'asar ina zaune a shagon abokina tela, talabijin a kunne, sai ga tsakar gidanmu. Mai gabatarwa ta yi murmushi ta ce wai a wannan makon suka ziyarci Wudil. Sai ga Inna, hannu jawur da lalle, tana juyi tana dariya. Tela ya tsayar da keken ɗinki. Wani dattijo aminin Baba, wanda da shi aka ɗauki makara, ya tashi ya sa takalminsa ya fita ba sallama. Na sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da kayan sata, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ga ƙorafina.

Na farko, maganar “wannan makon” ba gaskiya ba ce. Na san a wurinku adon magana ne, don shiri ya zama sabo. A wurinmu ita ce ta mayar da matar da mijinta ya ba izini ta koma matar da ba ta damu da mutuwarsa ba.

Na biyu, kun yanke Baba gaba ɗaya. Kun bar akuyar maƙwabta da ta shigo tana cin dusa, kun bar tukunyar ruwa, amma mai gidan ba ku ga yana da amfani ba. Da an nuna fuskarsa ko sau ɗaya, da kowa ya gane tun yana raye aka ɗauka.

Na uku, alkawarin kira. Da an kira ni, da na roƙa a dakata har Inna ta fita takaba.

Wani ya yanki wurin da take juyi ya watsa a wayoyi, har ya kai Achika wurin dangin Baba. Gwaggo Hajara, yayarsa, wadda take zuwa duk Juma'a taya Inna zama, ba ta sake tako gidanmu ba. Na hau babur na same ta. Na nuna mata mangwaron tsakar gidanmu a hoton, cike da 'ya'ya, na ce ta zo ta duba, yanzu ko ɗaya babu a kansa. Ta ce ita ba mangwaro take kallo ba, lalle take kallo, kuma talabijin da bakinta ta ce wannan makon. Ka ga inda muke, ranka ya daɗe: ni ɗan ƙaninta ne, amma maganarku ta fi tawa nauyi. Iyaye kuma sun hana yaransu shigowa gidanmu. Ni kaina na koma bin bayan layi in za ni makaranta, don kada in ratsa majalisar bakin titi.

Inna ba ta yi wa kowa faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Tana zaune a ɗaki da carbinta. Ko 'yar waƙar da take yi wa jikarta in tana goyo ta daina. In na shiga gaishe ta, ƙasa nake kallo, don ni na kawo mata baƙin nan.

Abin da nake roƙo ba shi da tsada. A cikin shirin nan dai, a lokacinsa, mai gabatarwar nan ta faɗa a sarari cewa a bazara aka ɗauki hoton, mijin Inna yana raye kuma da izininsa. A nuna wurin da aka yanke. Sannan a yi hakan kafin ta fita takaba, don Gwaggo ta zo ranar fitar, kada a yi ta ba dangin miji. Nan gaba kuma, in kun ajiye hoton mutane ya daɗe, ku tambayi halin da gidan yake ciki kafin ku saka.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya rufa maka asiri kamar yadda muke roƙon Ya rufa mana, Ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya.

Da na gaya wa Inna zan rubuto maka, na tambaye ta ko tana so a ba ta haƙuri. Ta ce a'a. Ta ce in dai ba ku goge ba, a turo mata wurin da Malam yake magana a zaure. Ba mu da muryarsa a ko'ina sai a wurinku.

Wassalam.

Habibu Garba,
Wudil.