Kwanar da Makara Ta Ƙi Juyawa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ofishin da ke kula da tsarin gine-gine a garinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka, har da mesinjan nan da yake shirya mini amsa tun kafin in cire takalmi.

Ranka ya daɗe, ni ne tsohon nan na unguwar Wambai mai zancen kwana. Ban yi boko ba, kuma ba na ɓoyewa. Ni nake faɗa, maƙwabcina Malam Ishaya, tsohon malamin firamare, yake rubutawa. Na kafa masa sharaɗi ya rubuta har abin da ya shafe shi, kada ya rage mini ko kalma.

Na ɗaya. Lungunmu yana da kwana guda kafin a fita bakin titi. A da, jaki da kayansa yana juyawa a wurin bai taɓa bango ba. Da jama'a suka cika Suleja, Malam Ishaya ya sayi gidan da ke kan kwanar, ya fitar da shago ya ci lungu, ya ce da izini ya yi. A ɗaya gefen kuma aka zo aka gina gindin famfo na siminti, wanda tun da aka kafa shi bai taɓa zubo ko ɗigo ba. Ranar da matata Zulai ta rasu, muka ɗauko ta, aka iso kwanar, makara ta ƙi juyawa. Aka ja baya aka sake gwadawa, ta ƙi. Sai da aka ɗaga gefe guda ya haura rufin shagon, aka karkata ta. Ina riƙe da makarar ta baya, a hannuna na ji gawar ta zame ta bugi ƙarfe. Matar da ko kofi ba ta taɓa dire mini da ƙarfi ba, haka muka fitar da ita daga gidanta. Daga ranar na daina amsa gaisuwar mutumin da yake rubuta wannan takarda.

Na biyu. Na kawo kuka ofishinku har ƙafata ta san hanyar da kanta. Yau a ce Oga ya tafi Minna, gobe a ce yana taro, wata rana a ce mai riƙe da maganar an canja masa wurin aiki. Tambayata ba ta taɓa canjawa ba: wa ya ba da izinin cin lungu, kuma famfon nan na wa ne? Shugabanni sun zo sun tafi, ban samu wanda ya ce mini e ko a'a ba. Ni kuwa shekaru suna ta tafiya, kuma ta wannan kwanar za a fitar da ni, babu wata hanya.

Na uku. Ina da jika, Ummi, wadda aka sa wa sunan marigayiyar. Ta gama jami'a a nan, ta samu tallafin karatu ta tafi Turai yin digiri na biyu. Da na tambayi abin da za ta karanta aka ce tsara birane da yankuna, na ce ban yarda ba. A sanina masu wannan aiki su ne masu jan fenti da katafila, domin na ga mutanen da aka rushe wa gidaje suka sauka a Gauraka da katifu a kan mota. Na ce wa ubanta jinina ba zai ci abinci da hawayen mutane ba. Ita kuwa dariya ta yi, ta ce in kwantar da hankalina, gidan angonta, wato ni kakanta, shi ne na ƙarshe da za ta rushe. Ban raka ta ba. Na yi mata addu'a, amma a ɗaki, ba a gabanta ba.

Ta sha wuya a can. Takan kira a waya mai hoto, in gan ta a naɗe kamar mai jego, ta ce rana tana faɗuwa tun kafin la'asar ta yi sanyi, ta ce ta yi kewar ko da hayaniyar 'yan acaɓa. Ni kullum tambayata ɗaya ce: an ba ki gwangwanin fentin? Sai wata rana ta ce malaminsu ya nemi kowane ɗalibi baƙo ya kawo matsala daga garinsu, ita kuma ta ba su labarin kakarta. Raina ya ɓaci, na ce ta kai asirin gidanmu gaban Turawa. Ta ce ajin ba Turawa kaɗai ba ne, kuma da ta gama wani ɗan Indiya ya ce haka aka yi da mahaifinsa, wata daga Masar ta ce su ta taga aka sauko da maƙwabciyarsu. Ni ina zaton mu kaɗai aka yi wa.

Na huɗu, kuma shi ne dalilin da ya sa yau nake magana ba da ihu ba. Da ta zo hutu don binciken da za ta rubuta, ba fenti ta kawo ba, tef ɗin awo ta kawo. Ta bi lunguna tana auna abin da dole ya wuce: kurar mai ruwa, keken da zai ɗauki mai naƙuda, da makara. Ta shiga gida gida tana jin ta bakin mata. Sannan ta je shagon da na hana kowa nawa sayen ko ashana, ta durƙusa ta gaida mai shi, ta ce, Baba Ishaya, ban zo da faɗan kakana ba, amma na auna akwatin gawa a wajen kafinta, naku ya fi makararmu faɗi. Shi da bakinsa ya gaya mini ya ce mata ita ba ta da kunya kamar kakanta. Amma da matarsa ta ji, ta ce ita ba za a tsallaka da ita ta kan rufi ba. Kafin Ummi ta koma, ya kira magini ya sare kusurwar shagon, ya rasa wurin firiji. Yanzu ya ce in ƙara da cewa da kuɗinsa ya yi. To, na ƙara. Da kuɗinsa kuma ya gina tun farko.

Muka aro makara a masallaci don mu gwada. Na ce ni zan kwanta a ciki, tun da ni abin ya fi shafa. Liman ya hana, ya ce in bar gaggawa. Aka sa buhunan masara. Ummi tana tsaye a bakin zaure, Malam Ishaya ya kama gefe guda ba wanda ya roƙe shi. Ranka ya daɗe, makara ta juya. A miƙe ta juya, ba a karkata ba, ba a ɗaga ba. Na zauna a kan famfonku na yi ta hamdala. Tun daga ranar nake barci irin wanda na manta da shi.

Har yanzu ban ga dalilin da sai an haye teku kafin a san a auna lungu ba, kuma na gaya mata. Ta ce in ta dawo da takardarta za mu ƙarasa musun. Ina jiranta.

Saura naku. Makara ta juya, amma masu ɗauka na hagu sai sun tsallake gindin famfon, kuma wanda ya yi tuntuɓe da gawa a kafaɗa kun san abin da zai faru. Samari sun ce su fasa shi da guduma, na hana, don kada gobe a ce mun ɓarnata kayan gwamnati. Saboda haka ina roƙon abu uku. A zo a cire shi, ko a ba mu izini mu cire. A hana duk wanda zai gaji shagon nan ya sake mayar da kusurwar, domin ni da Malam Ishaya ba za mu daɗe muna gadi ba. Sannan yarinyar nan in ta kawo muku abin da ta rubuta, kada a ce mata Oga ya tafi Minna.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da kujerar nan lafiya, ya sa ranar da za a ɗauke ka hanya ta zama mai faɗi. Ni dai na yafe wa maƙwabcina, amma ku ban samu wanda zan yafe wa ba, don har yau ba wanda ya fito ya ce shi ne. Wani ya amsa mini, da bakinsa ko da hannunsa, tun ina fita ta kwanar nan da ƙafata.

Wassalam.

Malam Iro mai gyaran keke,
Wambai, Suleja.