Sunan da Asabe Ta Yi Wa Alkawari

Alhamis, 3 ga Maris, 1977
Matata Asabe ta sauka, namiji. Da ƙyar, sai da aka yi mata aiki. Likitan nan Bature ɗan Cekoslobakiya, Dokta Vrana, wanda duk Sakkwato ke kira Birana, shi ya tsaya a kanta.

Asabar, 5 ga Maris
Wai tana kan gadon aiki ta yi wa Ubangiji alkawari, in ta tashi, yaron sunan likita zai ci. To ni fa? Mahaifina, Baba Barnabas, ya rasu da alkawarina a kunnensa, ɗana na fari sunansa zai ci. Raina ya ɓaci ƙwarai, na dai yi shiru saboda ɗinkin cikinta.

Litinin, 7 ga Maris
Daga makaranta na hau babur ɗin da na saya da ƙarin albashin Udoji na tafi gidan likitan, da sunan godiya. Gaskiya aibun sunan na je nema. Na samu kuwa. Ya ce Vrana sunan gidansu ne, ma'anarsa hankaka, wataƙila wani kakansu ne mai baƙin gashi ko yawan surutu. Ya ɗauko 'yar kwalba, da kaska a ciki. Mahaifinsa ne ya gano irinta, masana suka laƙa mata sunansu a Latinanci. Har wani alfahari yake yi!

Talata, 8 ga Maris
Na kwashe duka na faɗa wa Asabe. Kaltume maƙwabciyarmu ta kama baki: "Hankaka? Wanga suna na tsuntsu na, ba na ɗan mutum ba!" Asabe ta juya fuska bango. Na yi nasara, amma tuwo ya ƙi wucewa.

Juma'a, 18 ga Maris
Likitan ya zo gidanmu a unguwar Gawon Nama duba ɗinki. Gwamnatinsu ta kira shi gida, bai san dalili ba. Ya daɗe riƙe da yaron. Na tambaye shi nasa 'ya'yan. Babu, kuma ba ɗan'uwa. "Bayana, kaskar ce kawai za ta riƙe sunan." Ya yi dariya shi kaɗai.

Lahadi, 20 ga Maris
A coci aka raɗa wa yaron suna Barnabas. Asabe ta amsa "amin" a ciki-ciki.

Laraba, 6 ga Afrilu
Likitan ya tafi jiya. Yau na dawo daga aiki yaron na tsala kuka, na ce, "Miƙo min Birana." Asabe ta dube ni, ta miƙo shi. Sunan ya fi Barnabas sauƙin faɗa ne kawai.