Gaisuwar da Na Aika wa Mutan Daji

Zuwa ga Shugaban gidan rediyon da muke kamawa a nan ƙasar Bagwai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka tare da ma'aikatanka, ya aiki, ya haƙuri da jama'a. Ban ambaci sunanka ko na gidanka ba, domin ba tozarci na fito yi ba. Amma da kai da mutanenka kun san da ku nake, kuma kun san maganar.

Sunana Sabi'u Ɗanlami, manomi ne ni a wani ƙauye tsakanin Bagwai da Tsanyawa. Masu sauraron shirinku na kiɗan gargajiya sun fi sanina da Sabi'u Na-Mutan-Daji. Wannan suna, da wata gaisuwa tawa da aka karanta a gidanka, su suka sa yau nake zaune a gida kamar mai takaba, mutanen garinmu suna zargina da zama infoman ɓarayin daji. Ƙanena Malam Nura, malamin firamare, shi na ba wa wannan takarda ya fitar mini da ita duniya ta gani, tunda ni ba ni da ikon fita.

Na farko, bari ka san inda sunan ya samo asali. Mahaifina maharbi ne. Na tashi ina jin garaya a zaurenmu duk lokacin da za su fita, makaɗi yana zuga su ɗaya bayan ɗaya, yana kiran sunan kowa da na ubansa da irin naman da ya taɓa kayarwa. Ni ban gaji harbin ba, ko zomo ban taɓa kamawa ba, amma kiɗan ya shiga jinina. To ina dajin yake a ƙasarmu yanzu? Gona ta haɗe da gona, daga bayan gidanka kana hango rumbun wani ƙauyen. Maharban da suka rage sai sun hau mota sun yi nisa kafin su ga kurmi. Baba yana kiran abokan fitarsa mutan daji, ni ma haka na taso ina kiransu, kuma a lokacin babu wanda zai ji kalmar ya kawo wani abu a ransa ban da tsofaffi masu warki da karnuka.

Ba na ɓoye ra'ayina a kan waƙa. Waɗannan na situdiyo da ake matse murya ta koma kamar ta sauro, wallahi ba sa shiga kunnena. Matata Hadiza su take so, mun sha yin faɗan wasa a kan rediyo, tana cewa kiɗana na mutanen da suka mutu ne, ni ina ce mata nata na waɗanda ba su karya kumallo ba ne. Ni dai a ba ni garaya, a ba ni gangar noma, in ji makaɗi yana yi daga ƙirjinsa. Shirinku kaɗai ke sa irin wannan, shi ya sa na manne masa tun ina saurayi, tun ana aika kati har aka koma aika saƙo ta waya. Tsohon mai gabatar da shirin, wanda ya yi ritaya, Allah ya ba shi lafiya, shi ya laƙaba mini sunan. Kuma duk sanda ya karanta gaisuwata sai ya ƙara da cewa maharba ake nufi, ya jero sunayensu, sannan ya sakar musu garaya.

Na biyu, abin da ya faru. Bana da aka fara girbi, maharban garinmu suna shirin fita, na aika saƙo kamar yadda na saba kowace shekara. Na ce ina gaida mutan daji, Baba Tanko Sarkin Baka da jama'arsa, Allah ya ba da sa'ar fita, a dawo da kaya niƙi-niƙi, kuma a sa musu garaya. Makon ya wuce ba a karanta ba, na gaba ma ya wuce. Na ce ƙila saƙon ya ɓata, na manta da shi.

A tsakanin nan ne 'yan bindiga suka shigo ƙauyen da ke arewa da mu. Sun kora shanu, sun tafi da mata, sun kashe mutane, ciki har da Malam Hudu, mijin yayata Talatu. Da hannuna na kama makararsa.

Ba a gama zaman makoki ba, mutane suna zaune a kan tabarmi a ƙofar gidan mamacin da rediyo a gefe ana jiran labarai, sai sabon mai gabatar da shirinku ya ɗauko tsohon saƙona ya karanta. Bai ce tsohon saƙo ba ne. Ya tsallake sunan Baba Tanko, ya tsallake maganar garaya, ƙila don ya rage lokaci. Abin da ƙasar nan ta ji shi ne Sabi'u Na-Mutan-Daji yana gaida mutan daji, yana yi musu addu'ar sa'ar fita da dawowa da kaya niƙi-niƙi. Ina wurin a zaune, ranka ya daɗe. Na ga yadda kawuna suka juyo gare ni.

Haba, ranka ya daɗe! Yaron da kuka ba makirufo, a wace ƙasa yake zaune? Yau ko yaron goye ya san wa ake nufi da mutanen daji. Tsoro ya hana mutane kiran sunansu, shi ya sa ake sakayawa da haka. A gidanku ake karanta labaran hare-haren nan safe da yamma. A ce babu mutum ɗaya da ya duba saƙon ya ce a dakata, ko a kira mai shi a tambaye shi?

Na uku, halin da nake ciki. Washegari 'yan sa-kai suka zo suka karɓi wayata. Ban ga laifinsu ba, yara ne da suke kwana a waje don mu kwana a ɗaki, kuma an kashe musu 'yan'uwa. Suka buɗe memori suka tarar da waƙoƙin maharba cike, ana kirarin mai kwana a dawa, mai bindigar da ba ta kuskure, wanda in ya fita sai an yi kuka. Yawancinsu ba su taɓa zama sun saurari garaya ba. Na yi ta bayani cewa kukan na namun dawa ne, makaɗan nan kuma sun rasu tun kafin a haifi iyayen wasunsu. Suka ce ai su ma ɓarayin suna da mawaƙansu. Gaskiya ne suna da su, na taɓa jin irin waƙar a wayar wani a mota, na ce ya kashe ko in sauka. Amma ta yaya zan nuna wa mai fushi bambancin, alhali kalmomin iri ɗaya ne?

Ba don Mai Unguwa ba, da ban san abin da zai faru ran nan ba. Shi ya tsaya mini, bisa sharaɗin ba zan fita daga gari ba sai an gama bincike. Binciken kuwa babu wanda ya san mai yin sa, balle ranar gama shi. Kasuwar Tsanyawa da nake kai gyaɗa ta gagare ni. Gonata ta nesa, wake yana ta fashewa a ciki, ba ni da izinin zuwa, kuma babu wanda zai karɓi ƙwadagona. A masallaci in na shiga sahu sai in ji na kusa da ni ya ɗan janye kafaɗarsa. In na yi sallama a majalisa sai hira ta mutu. Matan da ke zuwa sayen ƙuli-ƙuli wurin Hadiza sun ɗauke ƙafa. Ita da ke tsokanata a kan kiɗa, yanzu ko rediyon ba ta iya kallo, ta tura shi ƙarƙashin gado.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne Yaya Talatu. Ita ta goye ni. Ta san Babanmu, ta san garaya, ta san su wa nake nufi. Amma tana zaune cikin dangin mijinta, su kuma sun ji da kunnensu. Na aika Hadiza ta gaishe ta, aka ce ta koma, ba a bukata. Ban sani ba ko daga bakin Yaya maganar ta fito ko daga nasu, kuma ba ni da hanyar sani.

Baba Tanko ya je gaban Mai Unguwa da sandarsa ya rantse cewa shi ake gaisarwa duk shekara. Aka ce tsoho ne, abokin ubana ne, dole ya rufa mini asiri. Wani ya ce in da gaske da Baba Tanko nake, me ya sa rediyo bai faɗi sunansa ba? Ka ji inda maganar ta tsaya. A ƙauye abin da rediyo ya faɗa ya fi rantsuwar tsoho nauyi, ku ma kun san haka, da shi kuke taƙama.

In na gudu Kano, an ce na tabbatar da zargi, kuma iyalina za su ɗanɗana. In na zauna, ga yadda nake zaune. Kwanan nan kuma wata magana ta fara yawo, wai su mutanen can sun ji gaisuwar, har sun ce sun amsa. Ban san wanda ya ƙirƙiro ta ba, ban san ko gaskiya ce ba. Tun da na ji ta abinci ya daina yi mini daɗi. Ina tsoron mutanen garinmu, ina tsoron waɗancan, kuma duka biyun sun san ƙofar gidana.

Na huɗu, tunda kowa yana tambayar ra'ayina a bayan idona, bari in faɗe shi a fili. Ran da 'yan sa-kai suka zaunar da ni an tambaye ni ko sulhu nake goyon baya ko yaƙi. Na yi shiru, domin na ga in na ce sulhu za a ce ga shi nan, yana nema wa iyayen gidansa sauƙi, in na ce yaƙi za a ce baki ne kawai, kuma maganar za ta iya kaiwa can. To yau na gaji da shirun. Wanda zai shigo gari ya harbe manomi, ya kora mata kamar awaki, ya hana mutane noma abin da za su ci, wannan azzalumi ne, ɗan ta'adda ne, ba na gaishe shi, ba na yi masa fatan sa'a, Allah ya isa tsakaninmu da shi. Na rubuta da sunana, in sun ji su ji.

Amma ba zan yi ƙaryar cewa ina murna da yaƙi ba. Na girma ina jin waƙar mazaje, tsigar jikina tana tashi in an zuga jarumi, har ina ganin da a zamanin dā aka haife ni da an ga aiki. Da na ga gawar Malam Hudu duk wannan ya fita daga kaina. Makaɗi bai taɓa gaya mini yadda gida yake komawa bayan an fita da makara ba. Ina son hukuma ta tsaya tsayin daka ta kare mu, ta kama mai laifi da hujja. Ba na son a wayi gari duk wanda ya saka rawani irin na makiyaya, ko aka ji wata waƙa a wayarsa, ya zama abin farauta. Dā ina jin ana cewa an kama infoma a gari kaza an gama da shi, in ce Allah ya ƙara. Yanzu in na tuna sai in yi nadama, don ban san nawa ne a cikinsu irina ba.

Na biyar, ƙoƙarin da muka yi a wurinku. Malam Nura ya yi ta kiran lambar shirin, ba a ɗauka. Ya bar makaranta ya hau mota har Kano, aka ce kana taro, ya bar saƙo a wurin mai gadi. Ya koma, aka ce mai gabatarwar yana hutu. Abin da muka ji daga baya shi ne an dakatar da shirin gaba ɗaya saboda yanayin tsaro. Wato kun san an yi ɓarna, kuka rufe ƙofarku kuka bar ni a waje. Dakatarwar ma ta ƙara mini nauyi, don yanzu cewa ake yi saboda ni hukuma ta rufe shirin.

Ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe, kuma ba diyya ba ce. Ku karanta saƙona cikakke yadda na aiko shi, da sunan Baba Tanko da maganar garaya, ku faɗi cewa kafin harin ya iso gare ku. Ku yi haka a lokacin labarai, sanda kowa ke saurare, kuma ku maimaita. Ku nemo tsohon mai gabatarwar ya faɗa da bakinsa yadda aka yi na sami sunan, mutanenmu sun san muryarsa, za su yarda da shi. Ku aiko wa Mai Unguwarmu da takarda ya riƙe a hannunsa, don shi ma an fara yi masa kallon banza saboda ni. In kun ga dama ku dawo da shirin, masoyansa ba su yi laifin komai ba. Ni dai na yafe sunan, a kira ni Sabi'u kawai.

Ina roƙon Allah ya yi maka jagora a aikinka, ya tsare ka da iyalinka daga zargin da ba ku ji ba ba ku gani ba. Allah ya jiƙan waɗanda aka kashe, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya dawo mana da zaman lafiya.

Kada ka ajiye wannan takarda sai ka gama taro. Kowa a nan ya san mutanen nan suna iya dawowa ko yaushe, kuma ran da suka sake taɓa wani ƙauye kusa da mu, ba daji jama'a za su nufa ba, gidana za su zo, Mai Unguwa kuma ba zai iya tare su karo na biyu ba. Gidanku yana da filin sanarwar rasuwa. Don Allah ku wanke sunana ina da rai, kada Malam Nura ya sake zuwa Kano ya kawo muku shi a wancan filin.

Wassalam, na bar ka lafiya.

Sabi'u Ɗanlami,
daga ƙasar Bagwai.