Rautar Baba Jatau

Bungudu, Lahadi.

Zuwa ga Yaya Uwani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, da Malam Hamza da yara. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Takarda na rubuto don maganar ba ta waya ba ce.

Kin san mun buɗe shagon kwamfuta ni da maigidana Yazid. To, ƙungiyar mata manoma ta ba mu aikin shigar da sunayen mata arba'in da uku a intanet don samun taki, kuma ranar Juma'a za a rufe shafin. Shugabarsu Hajiya Dije saboda ni ta kawo aikin, ta ce 'yar gida ce ta yi karatun.

Kwana huɗu na yi ina gwada layukan waya uku a cikin shagon. Ɗaya ne kawai yake kamawa, shi ma sai na fita waje, don rufin kwano yana tare sabis. Na rubuta wa Yazid abin da zai sayo a Gusau: rauta, wato na'urar kamo intanet, mai cin layi biyu, da eriyar da za a ɗaura a kan dogon ƙarfe.

Sai ya biya shagon Baba Jatau, ƙanin Babanmu, don ya gaishe shi. Baba ya karɓi takardata ya ninke, ya ce wannan ɓata kuɗi ne, ya ɗauko wata 'yar ƙaramar rauta ya ba shi kyauta. Ya kunna ta nan take, ta kawo sabis fal. Ina za ta ƙi, ƙarfen sabis yana bayan shagonsa? Yazid kuwa a tsugune yake gaban surukinsa, kai a ƙasa, sai godiya.

Layi ɗaya take ci, wanda ba ya kamawa a nan, kuma ba ta da wurin saka eriya. Na ce mu sayi wata a ɓoye, Yazid ya ce duk masu sayar da kayan a layin shagon Baba suke, kafin ya hau mota labari ya kai. Don Allah ki roƙi Inna ta yi wa Baba Jatau magana. Raina a ɓace yake, Yaya.

Ki gaishe da kowa.
Ƙanwarki, Bara'atu.

Bungudu, Lahadi.

Yaya Uwani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun wuni lafiya, kuma Inna tana samun sauƙi. Saƙonta ya iso: ba a mayar wa babba kyautarsa, in yi haƙuri. Na yi.

Laraba da Alhamis na koma kan wayata. Ina tsaye a bayan shago da kwamfuta a kan turmi, shafin ya buɗe, in cika rabi, ya ɗauke. Ranar Juma'a matan suka zo tun safe, wasu a ƙasa daga ƙauye da goyo, suka zauna a inuwar katanga. Na ce wa Yazid mu ɗauki littafin sunayen mu tafi Gusau mu ƙarasa. Ya ce in Baba ya gan mu a shagon wani fa? Har aka rufe, tara na shigar.

Hajiya Dije ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Hannu ta miƙo na ba ta littafinta, ta saka a jaka, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Mata talatin da huɗu za su yi damina ba taki, kuma sunana suke kira, ba na Yazid ko na Baba ba.

Jiya Baba Jatau ya zo ganin shago. Ya shafa rautar, ya tambayi yadda take aiki. Yazid ya ce lafiya lau. Sai Baba ya juyo gare ni, ya ce ai ni ce mai ilimin, in faɗa. Yaya, kwana biyu ina tsara abin da zan ce. Na durƙusa, na ce tana yi sosai, Allah ya saka da alheri.

Da Yazid nake fushi a da. Tun jiya na daina, don ba ni da bakin.

Ki gaishe da Inna, ki ce mata na yi yadda ta ce. Allah ya sada mu da alheri.

Taki, Bara'atu.