Inna Ba Ta Kiran Sunana, Kuma Ba Sakaci Ba Ne

Zuwa ga Shugaban Sashen Nazarin Iyali da Tarbiyyar Yara na jami'armu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa, ni ce ɗalibar nan 'yar Jibiya da aka kayar bara a darasin shaƙuwar uwa da ɗa. Da farin ciki na ɗauki alƙalami yau, amma sai na amayar da abin da ya ci mini rai.

1. An ce kowa ya rubuta yadda aka rene shi, ni kuwa na rubuta gaskiya. Ni ce 'yar fari. Ana yaye ni Gwaggo ta ɗauke ni zuwa Maraɗi, kuma har yau Inna ba ta kiran sunana, ba ta hira da ni a gaban mutane. Na bayyana cewa kunyar ɗan fari ce, kowa a garinmu ya san ta.

2. Malamin ya ce littafin Turawa ya kira wannan sakaci, ya kayar da ni. Bai tsaya nan ba, ya karanta labarina a aji a matsayin misalin uwar da ta yi watsi da 'yarta. Bai ambaci suna ba, amma 'yar Jibiya nawa ce a ajin? Na yi kuka ranar nan. Malamin kuwa Bahaushe ne, zan so a tambaye shi ko tasa uwar tana kiran ɗanta na fari da suna.

3. Matar nan da aka kira mai sakaci, lokacin da aka rufe boda ina kwance a Maraɗi da taifot, kabu-kabu ta hau ta bi hanyar daji, ita da ko zuwa kasuwa tsoron babur take yi. Ta ce wai ta zo duba Gwaggo ne. Duk kunun da na sha a jinyar nan ita ta dama shi, Gwaggo miƙowa kawai take yi. Sai da na miƙe ta koma gida.

4. Na ɗaukaka ƙara, an yi ta ce mini in haƙura, na ƙi. Kwamiti ya sake duba aikina, ya ba ni makin da ba wanda ya kai shi a ajin. Alhamdulillahi, na gama digirina da kaina a sama, kuma ina alfahari da hakan.

Roƙona biyu ne. A sa riƙo da kunyar ɗan fari cikin abin da ake koyarwa, don waɗanda kuke yayewa gidajenmu za su shiga su yi aiki. Sannan ba na neman a hukunta kowa, amma kafin 'yan ajinmu su watse, malamin ya tsaya a gabansu ya janye maganarsa. Makina ya dawo, saura mutuncin uwata, kuma a inda aka zubar da shi nake so a mayar mata.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya sa ka gama da iyayenka lafiya.

Wassalam, tare da girmamawa,
Hadiza, daga Jibiya.